Tal National da zancen haɗin gambiza a kiɗa

Watan jiya na je wani biki a unguwarmu, an ɗauko mawaƙi, yaro mai murya wallahi ba laifi, an kafa manyan lasifikoki guda huɗu, mata sun cika fili ana ta liƙi, sai kawai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Mawaƙin na tsaye da makirfo a hannu, bakinsa bai ma gama motsi ba amma babu abin da ke fita, ashe komai daga filashi yake zuwa, kiɗan da amshin har da muryar tasa. An yi kusan minti ashirin ana jiran mai gyara, duk cikin yaran da ya zo da su babu wanda ya iya ɗaukar ko da bokiti ya buga ya riƙe filin, mata suka koma kan kujeru suna fifita da gefen gyale, amarya ta sunkuyar da kai. Abin ya tsaya min a rai sosai, don ni na tashi a lokacin da mai kalangu ɗaya da 'yan amshi biyu ke riƙe dandali tun bayan isha'i har dare ya raba, babu wuta babu waya.

Da na ba wani abokina labarin, ɗan Maraɗi ne da ke sayar da atamfa a kasuwa, sai ya ciro wayarsa ya ce zauna ka ga yadda ake kiɗa da hannu. Tal National ya sa min. Na san sunan a sama-sama amma ban taɓa zama na saurara ba, ranar kuwa sai da data ɗinsa ta kusa ƙarewa, tun daga nan nake bin faya-fayansu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da nake so in faɗa a rubutun nan a kansu ne da kuma a kanmu.

Ga wanda bai san su ba, ƙungiyar makaɗa ce ta Yamai, babban birnin Nijar, an kafa ta a shekarar 2000. Jagoranta Hamadal Issoufou Moumine, wanda kowa ya fi sani da Almeida, shi ke riƙe da jita. Faifansu na farko ya fito a 2006, a 2008 suka fara aiki da wani mai ɗaukar sauti daga Shikago ta Amurka, Jamie Carter, wanda ya riƙa kwaso kayan aikinsa yana zuwa har Yamai ya ɗauke su a gida. Daga nan kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013, sai Zoy Zoy a 2015, sai Tantabara a 2018, wannan na ƙarshen kam duk Bahaushe ya ji sunan ya san kalmar gida ce. A cikin ƙungiyar akwai Zabarmawa, akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai Buzaye, kuma kowa da kiɗan gidansu ya shigo.

To ya kiɗan yake? Abu ne mai wuyar kwatantawa da baki amma bari in gwada. Jita biyu ne suke fara saƙa, ɗaya na maimaita 'yar gajeriyar jimla da sauri kamar ana sussukar gero, ɗayar na shiga cikin gurbin da ta farkon ta bari, irin salon da 'yan Kwango suka shahara da shi, kana cikin jin haka sai ka ji an karkata zuwa jitar Buzaye ta hamada mai jan rai, kafin ka zauna a kai mai gangunan Turawa ya ninka gudu, an koma wani abu mai kama da hailaif ɗin Gana, can kuma sai ka ji ƙamshin kiɗan Fela. A tsakiyar duk wannan hayaniya ga kalangu, namu na gida, wanda muka sani a hannun makaɗan mahauta, an maƙale shi a hammata ana matsa tsirkiya ana saki yana magana. Abin da ya fi kama ni a bidiyon farko da na gani shi ne wurin da aka tsaya cak, kowa ya ɗauke hannu lokaci ɗaya kamar an yanke da wuƙa, mai kalangu kaɗai ya yi 'yar maganarsa, mai ganguna ya ba shi amsa, sannan duka suka faɗo tare a kan bugu ɗaya babu wanda ya riga wani ko da da ƙiftawar ido. Babu wanda ya kalli takarda, kallon juna kawai suke yi. Masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka da suka ji wannan sai suka dinga kwatanta shi da wani nau'in kiɗan jitarsu da suke kira rok, mai sarƙaƙiyar lissafi, alhali lissafin nan, bugu uku a kan biyu, hannu ɗaya na ƙirga wani abu ɗayan na ƙirga wani su haɗu a gaba, tsohon abu ne a nan yankin, duk matan da suka taɓa yin lugude su uku a turmi ɗaya sun san shi a jikinsu ko da ba su san sunansa ba.

Yanzu ga inda gardamar take. Na tura wa mutane da dama waƙoƙin nan, kuma amsar da na fi samu daga masu kishin al'ada ita ce wai wannan haɗin gambiza ne, shi ba kiɗan Hausa ba, shi ba na Zabarma ba, shi ba na Turawa ba, wai ba a tauna taura biyu a baki ɗaya balle biyar. Ina girmama masu wannan ra'ayi don na san tsoron da ke bayansa, tsoro ne na kar abin da iyaye suka bari ya narke ya ɓace, kuma tsoron yana da dalili. Amma ina ganin sun yi kuskuren gane inda ɓarnar take.

Mu ɗan duba kayan kiɗan da muke kira na asali. Algaita, wadda babu hawan sallah da zai yi armashi ba tare da ita ba, sunanta ma daga Arewacin Afirka ya zo, can Magariba suna da irinta suna kiranta da kusan wannan sunan. Bandiri da ake bugawa a wajen zikiri da bege shi ma ta wannan hanyar ya biyo. Kakaki, wanda yau in an busa shi kowa ya san sarki ne tafe, tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka fara amfani da shi a fadar. Wato akwai ranar da kakaki ya kasance baƙon abu a Kano, akwai kunnen da ya fara jinsa ya ce wannan kuma mene ne. Kasuwanci da fatauci da aikin hajji da auratayya su suka gina mana kiɗa kamar yadda suka gina mana harshe da tufafi. Ko a baya-bayan nan, Bala Miller a Kaduna ya yi waƙoƙin Hausa da cikakkiyar ƙungiya mai jita da ƙaho, iyayenmu suka yi rawa da su a rediyo da talbijin. Kuma kowa ya san daga inda salon waƙoƙin finafinanmu ya samo tushe, shekaru da dama ana kallon finafinan Indiya a silima har karin waƙoƙinsu ya shiga jinin mutane, har masu bege suka ari karin suka ɗora yabon Manzon Allah a kai. Saboda haka zancen wai a hana haɗawa ai bakin alƙalami ya bushe, mun daɗe muna haɗawa. Tambayar da ta rage ita ce wa ke haɗawa, kuma me ya iya kafin ya haɗa.

Nan ne Tal National ta sha bamban. Dafa-duka abinci ne mai daɗi idan wadda ta dafa ta san lokacin da shinkafa ke nuna da lokacin da wake ke nuna, in ba ta sani ba sai ta sauke maka wani ya caɓe wani da ƙarfinsa. Su mutanen nan idan za a shiga kiɗan Zabarma, akwai Bazabarme a kan dandalin da ya sha shi a nono, idan aka juya Hausa akwai wanda ya san taken da yadda ake sauke baiti, idan aka nufi arewa akwai wanda jitar hamada yarensa ce. Kowane ɓangare da mai shi, sauran kuma sun zauna sun koya daga gare shi. Wannan ya bambanta da abin da ake yi a mafi yawan sitidiyonmu, inda yaro ɗaya ke zaune gaban piyano da kwamfuta, ya danna maɓalli sautin sarewa ya fito, ya danna wani kalangun roba ya fito, ya ɗora ɗan kiɗan Afirka ta Kudu da ake yayi, a gyara murya da na'ura har sai ta daina kama da ta mutum, waƙa ta kammala kafin la'asar. Shi ma haɗi ne, har ya fi na Tal National yawan kayan haɗi, amma babu hannun da ya taɓa fata a ciki. Ban raina yaran nan ba, da yawansu suna da kunne mai kyau kuma da abin da suka samu suke aiki, piyano ɗaya ya fi ciyar da mutum goma sauƙi. Sai dai idan muna neman abin da ke kashe kalangu da gurmi da kuntigi, ba Almeida da jitarsa ba ne, shi ai aiki ya ba mai kalangu, ya kai shi dandalin Amurka da Turai. Maɓallin da ya maye gurbin makaɗin shi ne ya tura shi neman wata sana'a.

Kuma iya kiɗa irin wannan ba daga sama yake faɗowa ba. An san Tal National a Yamai da yin wasa dare biyar a mako, kowane wasa ya kai awa biyar, ga bukukuwan aure da suna. Shi ya sa ƙungiyar ke da mutum har goma sha uku duk da cewa kusan shida ne ke hawa dandali a lokaci guda, ana karɓa-karɓa, wani ya gaji wani ya karɓi jitar, wani lokacin ma su rabu biyu su yi wasa a wuri biyu a dare ɗaya. Ka lissafa, awa ashirin da biyar a mako a gaban mutane masu rai, waɗanda in kiɗa bai yi ba za su zauna ne kawai ka gani da idonka. Wannan tsayuwar cak ɗin da na ba da labari daga nan ta fito. Faifansu kuwa, da yake babu wani kamfanin rarrabawa a ƙasar, a kan titi da shataletale suka riƙa sayar da shi hannu da hannu. Wato tun kafin wani Bature ya san da su mutanen Yamai ne suka ɗauki nauyinsu da 'yan kuɗin aljihunsu, shi ya sa ba na karɓar zancen da wasu ke yi cewa irin wannan haɗe-haɗen don a burge Turawa ake yinsa. Mai sauraron farko Bazabarmiya ce da Bahaushiya a wajen biki ɗaya, kowacce na jiran a zo kan nata.

Wannan batun na biki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a Nijar. Hausawa sun haura rabin al'ummar ƙasar, Zabarmawa da Songai kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai Buzaye da Fulani da Barebari da Tubawa da Larabawa da Gurmawa. Ƙasar ta ga tawaye a arewa daga 1990 zuwa 1995, ta sake gani daga 2007 zuwa 2009, wato daidai shekarun da ƙungiyar nan ke tasowa. A 2025 hukumomi sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta wa da yawanmu rai, amma ni ina ganin duk wanda harshensa ya samu irin wannan girma nauyi ne ya ƙaru a kansa na ya saurari na maƙwabcinsa. Ƙungiyar da ke waƙa da harsuna da dama a dare ɗaya, mai jin Hausa ya yi rawa da baitin da bai fahimta ba don ya ga maƙwabcinsa na murmushi, tana yin wani aiki da jawabin 'yan siyasa ba ya yi. Ba su kaɗai ba ne ma, Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni tun 1995 take haɗa sarewar Fulani da kiɗan Zabarma da jita, Etran Finatawa kuma a 2004 ta haɗa Buzaye da Fulanin Wodaɓe a ƙungiya ɗaya. Akwai gasar Ɗan Gurmu da gwamnati ta kafa don kiɗan zamani, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Ƙasar da ake yi wa kallon talauci ta tanadi wurin da yaro zai je ya koyi riƙe kayan kiɗa.

Sai maganar Almeida kansa, wadda ita ce ta fi tsaya min. Mutumin nan alƙali ne, ya yi aikin shari'a a kotu a Yamai, ya buga ƙwallon ƙafa a baya, ya yi aiki da gidan marayu na SOS, da dare kuma ya rataya jita. Ka kawo wannan ƙasar Hausa ka gani. A wurinmu kiɗa gado ne kuma an ɗaure shi da roƙo, makaɗi komai basirarsa ana yi masa kallon wanda ke ƙasa, za a yi masa kyautar mota amma a yi jinkirin ba shi 'ya. Mun yi kuka da rasuwar Shata a 1999, mun yi na Barmani Choge a 2013, mun yi na Ɗan Maraya Jos a 2015, mutumin da ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, amma mu nawa ne za mu yarda ɗanmu da ya gama jami'a ya zauna gaban tsohon makaɗi ya koyi kuntigin? 'Ya'yan makaɗan kansu gudun sana'ar suke yi saboda gorin da suka sha a makaranta. To in masu gado sun gudu, waɗanda ba su gada ba kuma an hana su shiga, wa zai riƙe? Ka ga ke nan ko babu piyano mun riga mun toshe ƙofar da kanmu. Ni ban ce kowa ya zama makaɗi ba, kuma na san akwai masu ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsu ta addini, wannan matsayinsu ne kuma ina mutunta shi. Maganata da waɗanda ke sauraren kiɗa dare da rana a waya, suna liƙi a biki, amma suna ƙyamar hannun da ke bugawa.

Ba zan ce komai na Tal National ya yi min ba. Kunnen Bahaushe magana yake bi, mu waƙa a wurinmu zance ce, azanci da habaici da kirari, kiɗa rakiya yake yi, shi ya sa mutum zai iya sauraron Narambaɗa ko Ɗanƙwairo awa guda kotso na maimaita abu ɗaya bai gaji ba don hankalinsa na kan baitin. Su kuwa waɗannan sau da yawa gudun kiɗan da ƙarar jita suna danne muryar, kana son ka kama abin da ake faɗa an riga an wuce, musamman a Tantabara inda suka ƙara wuta har suka gayyato baƙi irin su Zara Moussa mai rap da wani mai jita Yonatan Gat. Akwai waƙoƙin da na so a ce an sassauta an bar mawaƙin ya numfasa. Wanda zai ɗauki darasi daga gare su a wannan ɓangaren namu sai ya kula da wannan, ya bar wa kalma filinta, don in aka rasa zancen an rasa rabin masu sauraro.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne hanyar nan ba ɗaya take bi ba, mu ma an ara daga wurinmu. Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da yanzu ake ambatonsa cikin manyan masu jita na duniya, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar kwamfuta da muryar na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori har suka tsallaka hamada. Ya ɗauki abin da ya samu a sitidiyonmu ya wuce da shi, amma bai ajiye jitar ba, ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu suka ci gaba da bugawa da hannu. Mu da muka ba shi aron salon muna nan inda ya bar mu, mun ƙara yawan waƙoƙi da yawan masu kallo a YouTube, mawaƙanmu sun yi kuɗi sun yi suna kuma ina taya su murna, amma da wuya ka ga wanda zai hau dandali da makaɗa shida a yi awa ɗaya babu filashi.

Kuɗin ɗaukar makaɗa ba shi ne matsalar manyan mawaƙanmu ba, wanda ake biya miliyoyi a biki ɗaya ko taron siyasa ɗaya zai iya riƙe mai kalangu da mai gurmi da mai jita biyu da mai ganguna a kan albashi, ya kama musu ɗaki su riƙa atisaye kullum. Masu ɗaukar nauyin biki su ma suna da ta cewa, in ka biya kuɗin mawaƙi kana da damar ka ce da makaɗa nake so. Makaɗan kuma suna nan ba su ƙare ba. A bayan layinmu akwai wani matashi, jikan makaɗin mahauta ne, yanzu cajin waya yake yi da sayar da murfin waya a bakin titi. Na kai masa bidiyon nan na ce duba. Ya karɓi wayar ya kara a kunne, bai ce komai ba, sai na ga hammatarsa ta hagu tana matsewa tana saki da kanta, yatsunsa na dama na bugun gefen teburin yana bin mai kalangun bugu da bugu, har wurin tsayuwar nan ya tsaya tare da su a karo na biyu da ya maimaita. Na tambaye shi ina kalangun gidansu, ya ce yana rataye a ɗakin kakarsa, fatar ta tsage tun bara, kuma mai ɗaura fatar da suka sani ya rasu. Mun yi da shi ranar kasuwa mai zuwa za mu shiga ɓangaren dukawa mu tambaya ko akwai wanda ya rage da ya iya.